RA'AYINMU: Bayan Kuɗin Asibiti, Wa Zai Ci Da Iyali?

Duk ranar Alhamis, hanyar Gumel zuwa Maigatari cika take yi da motoci ɗauke da shanu, riɗi da fatake, wasu daga Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu daga Kano. In tsautsayi ya auku, kowa ya san abin da kan biyo baya: a kai mai rauni asibiti, mai mota ya biya kuɗin magani, dattawa su zauna, dangi su ce sun bar wa Allah, a watse. To, amma manomin da aka yanke wa ƙafa, ko ɗan dakon da bayansa ya karye, wa zai ci da 'ya'yansa nan da shekara 20? Nan babbar asarar take, ita ce kuwa ba a lissafawa.

Ba don babu doka ba ne. Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota yin inshora saboda mutanen da motarsa za ta iya cuta. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta kai naira miliyan 3. Wannan adadi na dukiya ne kawai. Rai da rauni hakkinsu daban. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi su nuna takardar.

Sai dai kafin talaka ya ga ko kwabo, dole ya tabbatar cewa direba ne ya yi sakaci, sa'an nan ya kawo shaidar abin da yake samu da abin da zai rasa nan gaba. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar albashi. Mai noman gero fa? In kuwa takardar inshorar ta jabu ce, magana ta mutu.

Ga Nijar nan daf da Maigatari, tana bin dokar inshora ta CIMA wadda ta fara aiki a 1995. A can, ana biyan fasinja ko mai tafiya a ƙasa diyyar rauninsa ba tare da an fake da kuskurensa ba, wanda ba shi da shaidar samu kuwa sai a lissafa masa bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. A jihar Michigan ta Amurka, tun 1973 inshora kan biya wanda hatsari ya hana aiki yawancin albashinsa har shekara 3, ko laifin wane ne. Kuɗin suna da iyaka, gaskiya ne, amma da babu gara ba daɗi.

Wasu 'yan'uwa suna ganin neman diyya rashin gafara ne. Mu ba mu ga haka ba. Littafin Fitowa sura 21 ya ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni biyan jinyarsa da kuma kwanakin aikin da ya rasa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san diyya a shari'arsu. Ka gafarta wa direba da zuciya ɗaya, amma kamfanin inshora ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana. Yafe masa kyauta ce da abincin marayu.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da NAICOM su fitar da ma'aunin biyan asarar samu ga manoma da masu sana'ar hannu, ba sai an yi shekaru a kotu ba. Muna roƙon shugabannin direbobi kada su yi wa mota lodi sai sun ga inshorar gaske. Hakimai, dagatai, fastoci da dattawan ikkilisiya masu zaman sulhu kuma su riƙa sa gaba cikin lissafi. Ku kuma iyalai, ku adana rahoton 'yan sanda da na likita da rasit na magani, ku nemi shawarar lauya da wuri, kada ku dangwala hannu a takardar da ba a karanta muku ba.

Ubangiji ya kiyaye hanya, ya ba mu zuciyar tsaya wa gwauraye da marayu.