Wasiƙa Zuwa ga Masu Haɗa Kwali a Mpape

'Yan'uwa masu sana'ar kwali, iyayen gida da yaran shago.  

Na ɗauki alƙalami ne saboda shamakin nan da kuke sakawa cikin kwali don raba kaya masu fashewa. Na daɗe ina hulɗa da kwalabe da tangaran, ina ɗaurawa ina aikawa, kuma na ga yadda ake ba wa bayan kwali dukan kulawa, a yi masa tambari da launi, cikinsa kuwa a yanko guntaye biyu a jefa a ce an gama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne a yanka shamaki daidai da jikin kayan da zai riƙe, a kuma yi shi da sanin hanyar da kayan za su bi.

Kun fi ni sanin masu zuwa wurinku yanzu. Ga mai humra da turaren wuta da take tallata kayanta a WhatsApp da Instagram, ga mai zuma, ga mai man shafawa a kwalba, ga mai haɗa wa amare kofuna da farantai. Kwalin da mai kaya za ta karɓa daga hannunku zai hau bayan babur, ya bi lungunan Mpape da manyan motocin tsakuwa suka farfasa, ya gangara tudun nan da ke sauka wajen Maitama, mai babur yana taka birki kayan suna zamowa gaba. Daga nan sai tashar Jabi ko ta Utako, inda yaron mota zai cusa shi a but, ya ɗora buhun wani a kai, a kama hanyar Kaduna zuwa Kano ko Sakkwato. Ba wanda zai riƙe shi da hannu biyu a duk tsawon tafiyar nan. Don haka tambayar farko da ya kamata ku yi wa mai kaya ita ce ina za su, kuma a wace mota. Kwalin da za a miƙa a Wuse cikin ƙaramar mota daban, wanda zai kwana a hanyar Maiduguri daban.

Na taɓa tsayawa a kan wata baiwar Allah tana buɗe kwalin humra da aka dawo mata da shi daga tasha. Daga waje ko kwarzane babu. A ciki kwalabe goma sha biyu ne, an sa shamaki, amma tsayinsa bai wuce rabin kwalba ba, gurbin kuma ya yi wa kwalbar yawa har yatsu biyu na shiga. Kafaɗun kwalabe suka yi ta gogar juna tun daga Mpape, biyu suka tsage, humrar ta jiƙa gindin kwalin ya yi laushi, takardun da ta manna wa sauran duk suka ɓaci. Ta zauna tana tsince gilashi da hannu, ɗakin ya cika da ƙamshin jarinta. Kwalin nan ko sau ɗaya bai faɗi ƙasa ba, motsin da ke cikinsa ne ya yi ɓarnar. Mafi yawan asarar da nake gani irin wannan ce.

Kwalin da muke aiki da shi tun asali don irin waɗannan kaya aka ƙirƙiro shi. A shekarar 1871 wani mutumin New York mai suna Albert Jones ya yi rajistar takarda mai lanƙwasa domin naɗe kwalabe da gilashin fitila. A 1874 Oliver Long ya inganta ta da manna mata shimfiɗaɗɗiyar takarda don kada lanƙwasar ta miƙe. Ku yanka kwali ku duba bakinsa, za ku ga wannan lanƙwasa a tsakiya, kamar kwanon rufi tsakanin takardu biyu. Ita ce jijiyar kwali, kuma duk ƙarfinsa a nan yake. Idan jijiyar tana tsaye daga ƙasa zuwa sama, kwali na ɗaukar nauyi mai yawa. Idan tana kwance, da an ɗora masa abu sai ya durƙusa. Yaro ya ga ragowar kwali, ya juya shi ta inda zai fi samun yanka, ya fitar da shamaki mai jijiya a kwance don kada a yi asarar guntu. An ceci guntu, an raunana kwalin gaba ɗaya. Shamakin da jijiyarsa ke tsaye, tsayinsa kuma ya kai har murfi, yana taya bangon kwali ɗaukar duk abin da aka ɗora a sama, nauyin bai sauka a kan kawunan kwalabe ba.

Sai awo. Kada ku karɓi aiki a kan "irin kwalbar nan ce da ka sani". A kawo kwalbar, da murfinta a rufe da takardarta a manne, ku auna ta inda ta fi faɗi, ku auna tsayinta har saman murfi. Mu ɗauka faɗinta santimita 6 ne, ana son goma sha biyu, layi uku kowanne da huɗu. Ku ba kowane gurbi ƙarin milimita 2 kacal, yadda kwalba za ta shiga ba tare da an danna ba, ba kuma za ta yi rawa ba. Dogayen shamaki biyu da gajeru uku ne za su ba ku gurbi goma sha biyu: kowane dogo a yi masa tsaga uku daga sama, kowane gajere tsaga biyu daga ƙasa, zurfin tsagar rabin tsayin shamakin, sai a sarƙe su. Faɗin tsagar ya zo daidai da kaurin kwalin. Idan reza ɗaya kawai aka ja ba a cire sili ba, wajen sarƙewa jijiyar za ta murƙushe, shamakin ya karkace. Idan tsagar ta yi faɗi, sai ya riƙa kwanciya. Kuma a lissafin cikin kwali kada a manta da kaurin shamakin kansa. In kaurinsa milimita 3 ne, tsawon ciki zai zama santimita 25.7, faɗi 19.2. Wanda ya manta da wannan shi ne za ka ga yana tura kwalba ta ƙarshe da ƙarfi har bangon kwali ya yi ciki.

Wannan tsari ya raba kwalabe da juna, amma goma daga cikin goma sha biyun suna jingine da bangon waje, biyu ne kawai ke tsakiya. Duk abin da ya bugi kwalin daga gefe, gilashi ya buga. Ga kayan da za su yi nisa ko masu tsada, ku ƙara shamaki biyu ta kowace fuska, dogaye su zama huɗu, gajeru biyar, bakunansu su zarce da kamar santimita 2. Hakan zai bar fili tsakanin kaya da bango ko'ina a kewaye, in an bugi kwalin sai bakin shamakin ya lanƙwashe ya shanye bugun. Kwalin zai ɗan ƙara girma, kuɗinsa ma haka, amma a ganina babu wurin da kuɗin mai kaya ya fi yin amfani kamar nan. A shimfiɗa fallen kwali ɗaya a ƙasa, wani a sama. In za a yi hawa biyu, lallai a sa falle mai ƙarfi a tsakani, gurbin sama kuma ya hau daidai kan na ƙasa.

Ba kowane kaya ne ke son gurbi mai kusurwa huɗu ba. Faranti ya fi jure tafiya a tsaye a kan gefensa, da falle tsakanin kowane biyu, fiye da a jera shi a kwance nauyi ya taru a kan na ƙasa. Kofi mai hannu, hannun ya fuskanci kusurwar gurbi inda akwai fili. Tukwanen ado irin na Ushafa, da ke nan ƙaramar hukumarmu ta Bwari, kowace da nata fasali, ga ciki mai faɗi ga wuya siriri. Irin wannan sai a huda falle daidai wuyanta a zura, a huda wani daidai gindinta, su riƙe ta sama da ƙasa, cikinta bai taɓa komai ba. Iyayenmu da ke kai tukwane kasuwa sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke cusa ciyawa tsakanin tukunya da tukunya, mai ƙwan zabi kuma ya binne su a ƙaiƙayi. Kwalin ƙwai ma daga irin wannan damuwa ya fito: Joseph Coyle, wani mai jarida a ƙasar Kanada, ya ƙirƙiro shi a 1911 saboda rigimar da ake yi kan ƙwan da ke isa otal a fashe. Ya ba kowane ƙwai gurbinsa.

Na san sabon falle ya yi tsada. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin da aka kafa don wadata ƙasar nan sun durƙushe a shekarun baya, yawancin takarda daga waje take zuwa, shi ya sa da yawa daga cikinku tsofaffin katan kuke saye a hannun masu shaguna da 'yan bola jari. Wannan ba abin kunya ba ne, sai dai a zaɓa. Ku matsa kwalin tsakanin yatsu biyu: in ya lotsa bai dawo ba, jijiyarsa ta mutu, ya dace da cike gurbi amma bai dace da shamaki ba. Wanda ke da tabon ruwa ko na mai a ajiye shi gefe. Wanda kuwa ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na feshin gona, don Allah kada ya kusanci zuma ko yaji ko wani abin da za a ci, komai kyansa.

Danshi kuma babban abokin gabar sana'ar nan ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi a Abuja, kuma kwali na shan laimar iska ko da ɗigo bai taɓa shi ba. Idan iska ta cika da laima, kwali kan rasa kusan rabin ƙarfin ɗaukar nauyinsa. Aikin da ya yi kyau a hunturu zai iya ba ku kunya a watan Agusta. Kada a jingine falle a kan siminti ko jikin bangon da ke tsattsafo, a ɗora shi a kan katako. Da damina, kaya masu nauyi a yi musu kwali mai jijiya biyu. Ku kuma roƙi masu kayan ruwa su ɗaure bakin kowace kwalba da leda kafin ta shiga gurbi, domin kwalba ɗaya mai yoyo ta isa ta kashe gindin kwali.

Wajen rufewa, salatif ɗaya a tsakiya bai isa ba. A bi tsagar tsakiya, a bi gefuna biyu, sama da ƙasa. Ramin hannu da ake hudawa a gefe yana rage ƙarfin bango, in ba dole ba a bar shi, in dole ne kada ya matso kusurwa, don kusurwoyi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Saboda haka ne ma in kuna jera kwalaye a shago ya fi kyau kusurwa ta hau kan kusurwa.

Kafin ku yanka ɗari, ku haɗa ɗaya ku gwada. A cika kwalabe da ruwa, a rufe kwalin yadda za a aika shi, a ɗaga a girgiza kusa da kunne. In kun ji ƙara ko motsi, awo bai yi ba. Sannan a sake shi ya faɗi. Ƙungiyar ISTA da ke Amurka, mai tsara gwajin kayan sufuri, a ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta ana sakin ƙaramin kwali daga tsayin kusan santimita 76 har sau goma: a kan kusurwa ɗaya, gefuna uku, da fuskoki shida. Ba ku buƙatar na'ura don yin wannan, teburin shago da daɓen siminti sun wadatar. Ku yi shi a gaban mai kayan. Idan ta ga kwalabenta sun fito lafiya, ba za ta ƙara ja da ku a kan kuɗin shamaki ba, kuma ina ba ku shawara ku faɗi kuɗinsa daban da na kwali, don a san aiki ne mai zaman kansa. Mai neman a rage shamaki don a rage farashi, a gaya masa gaskiya a fili tun kafin kaya su bar shago.

Rubutun da ake bugawa a jikin kwali ma a duba shi. Da yawa daga cikin masu lodi a tashoshinmu Hausa suke ji. A rubuta "Gilashi ne, a yi hankali" da manyan baƙaƙe, a zana kibiya biyu masu nuna sama a aƙalla fuska biyu, da hoton kofin gilashi don wanda bai iya karatu ba.

Ga iyayen gida, roƙona na ƙarshe a kan yaran da kuke koya wa aiki ne. Ku saya musu rula ta ƙarfe, ku riƙa canja reza da zarar ta dakushe, domin dakusasshiyar reza ita ke murƙushe jijiyar kwali, ita ce kuma ke zamewa ta sari yatsa. Duk awon da ya ci gwaji, a yanka samfurinsa a kwali mai kauri, a rubuta sunan kwalbar da ma'auninta a jiki, a rataye a bango, yaro ya riƙa ɗorawa yana zanawa.

Allah ya tsare dukiyar jama'a da ke bi ta hannunku, ya ƙara buɗi.