Rabin Yini da Sifaniyanci, Rabi da Turanci

A makarantun firamare da dama na jihar Utah ta Amurka, yaro ɗan shekara shida yana da malamai biyu. Wadda ke koya masa lissafi ba ta furta masa kalmar Turanci ko ɗaya. Da Sifaniyanci za ta ce a ƙirga wake, ta nuna da yatsa, ta rera waƙa, ta maimaita har ya gane. In yini ya raba, sai ya koma ajin malamar Turanci. A 2008 jihar ta kafa dokar wannan tsari, kuma yanzu akwai masu yi da Sinanci ko Faransanci.

Abin ya samo asali ne tun 1963 a makarantar Coral Way da ke Miami, lokacin da 'yan gudun hijirar Kyuba suka kwararo bayan Fidel Castro ya karɓi mulki. 'Ya'yansu da 'ya'yan Amurkawa duk suka riƙa karatu da harsuna biyu, ba a ce wa kowa ya bar nasa a bakin ƙofa ba.

Iyaye kan ji tsoron Turancin yaro zai yi rauni. A birnin Portland, inda ƙuri'a ke raba gurabun waɗannan azuzuwa, cibiyar bincike ta RAND ta bi sawun ɗalibai, ta tarar waɗanda suka ci ƙuri'ar sun zarce takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar. Jihar California ma, wadda ta taƙaita koyarwa da harshe biyu a 1998, ta janye dokar a 2016.

Masu makarantun kuɗi a Kano da Kaduna, waɗanda ke cin yaro tara in ya yi "banakula", za su so su kafa hujja da wannan labari. Hujjar ba tasu ba ce. Yaron Utah ana ba harshen gidansu rabin yini cur, da malama da littattafai, kuma da shi yake iya karatu da rubutu. Ɗan Bahaushe kuwa an hana shi Hausa, an kuma haɗa shi da malamin da shi kansa Turancin nasa sai a hankali.

Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jarraba wani abu a Ile-Ife: yara suka yi shekara shida suna karatu da Yarabanci, Turanci kuma darasi ne mai ƙwararren malami. Da aka gwada su, ko a Turancin ba a bar su a baya ba.