Wai "Daji Ne, Babu Kowa"



Duk sanda baƙi masu zuba jari suka zo neman filin noma, waƙar da ake fara rera mana ita ce, wai daji ne, babu kowa. Ƙarya ce! Dajin Dansoshiya na Kiru makiyaya ke kiwo a ciki. Fadamun Tiga a Bebeji, shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa, duk gumin wani ne.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. In an karɓe gonarka, diyyar shuka da gini za a ba ka, ban da ta ƙasar. Ku tambayi manoman Gagarawa a Jigawa, inda aka ware wa kamfanin Lee hekta 12,000 don noman rake. Ku tuna Bakolori a 1980, da 'yan sanda suka harbe manoma masu neman diyya.

Ba jari muke ƙi ba. A zo a kafa masana'anta, a sayi amfaninmu, a bar mana gonakinmu. Wanda aka raba da gonar gado, ɗansa zai koma cikinta ɗan ƙwadago.

Mu masu alƙalami, kada mu taya su wannan waƙar. Mu rubuta sunayen ƙauyukan.