Kafin Jirgi Ya Iso Dutse

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, tare da reshe zuwa Dutse. Manoman Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda dogo bai ratsa ƙasarsu ba, za su sami tasha kusa da gida. Amma fa shimfiɗa dogo daban, riƙonsa daban.

Inda ƙafar jirgi take taɓa dogo bai fi farcen babban yatsa ba, a nan kuwa nauyin tarago yake sauka. Ƙarfe yana cin ƙarfe, musamman a kwana, yashi kuma ya ƙara tsananta abin. A Hatfield ta Ingila, cikin 2000, dogo ya tsattsage ya karye ƙarƙashin jirgi, mutum huɗu suka rasu.

Yanzu injiniyoyi sukan kwaikwayi tafiyar jirgi cikin kwamfuta. Su ba ta siffar ƙafa da ta dogo, da nauyin kaya da gudu, ita kuwa ta nuna inda ƙarfe zai zaizaye, da lokacin da ya kamata a shafa mai ko a goge dogo.

Bai kamata a bar wannan ilimi a hannun 'yan kwangila kaɗai ba. Jami'ar Sufuri ta Daura da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya su koyar da shi, Gwamnatin Jihar Jigawa kuma ta ɗauki nauyin 'ya'yanmu zuwa can. Lalacewar tsohon reluwe ta ishe mu darasi. Tun ran gini, tun ran zane.