Wata da Masu Yoga: Al'ada Ce, Kada a Jingina ta ga Kimiyya

Yoga dai, ya mai karatu, wani salo ne na motsa jiki da sarrafa numfashi wanda ya samo asali daga ƙasar Indiya. Daga cikin rassanta akwai Ashtanga, wadda Pattabhi Jois ya koyar a birnin Maisur har zuwa rasuwarsa a shekarar 2009. Mabiyanta kan yi atisaye kwana shida a mako, amma akwai ranaku biyu a kowane wata da suke naɗe tabarma su huta: ranar da wata ya cika, wadda suke kira purnima, da ranar da ya ɓace gaba ɗaya, wato amabasiya.

Hutun nan ban ga aibinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hujjar da wasu masu koyarwa suke kafawa. Cewa suke yi wai tun da wajen kashi 60 cikin 100 na jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma wata yana jan ruwan teku, to lallai yana jan na jikinmu, har mutum ya fi saurin jin rauni a waɗannan ranaku. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Teku yana cikowa yana janyewa ne saboda faɗin duniya ya kai wajen kilomita 12,700, don haka jan da wata yake yi wa ɓangaren da ke fuskantarsa ya fi na ɗaya ɓangaren. Tsakanin kan mutum da ƙafarsa fa? Ko ruwan randa ba ya motsi saboda wata, balle jinin da ke cikin jijiya.

Gaskiya ne a shekarar 2013 masu bincike a birnin Basel na ƙasar Suwizalan sun gano cewa barcin mutane 33 ya ragu da kimanin minti 20 a lokacin cikar wata. Sai dai wasu da suka duba mutane masu yawa daga baya ba su sami haka ba. Kuma barci daban, targaɗe daban.

A nawa ganin, asalin abin yana cikin kalandar Hindu. Waɗannan ranaku na ibada ne a wurinsu, kuma tun zamanin da akan dakatar da karatun littattafan Beda a cikinsu. Shi kuwa Jois ɗan gidan malaman addini ne, ya kuma koyar a Kwalejin Sanskirit ta Maisur daga 1937 zuwa 1973. Ashe ba abin mamaki ba ne ya riƙe wannan hutu a ajinsa. Me zai hana a faɗa wa ɗalibi haka kai tsaye? Wanda yake lanƙwasa jiki kwana shida a jere ai yana bukatar hutu, ko da wata ko babu.

Mu ɗaliban harshe kuma akwai namu aiki a nan. Sau da yawa za ka ji an ce kalmar hata, sunan wani babban reshen yoga, ta haɗa rana da wata ne. Wannan fassara ce ta hikima da malamansu suka yi daga baya. Ma'anar kalmar a Sanskirit ita ce ƙarfi. Haka nan duk wanda zai fassara amabasiya zuwa Hausa, kada ya ce tsayuwar wata. Bahaushe yana cewa wata ya tsaya ne idan an ga jinjirinsa a yamma, alhali su daren duhu suke nufi, kwana ɗaya ko biyu kafin a gan shi.