A Kan Wa Dariyar Ta Faɗa?

Akwai wata magana da a ke yawan yi a nan kwaleji, wai littafin ban dariya ba karatu ba ne, abin kashe lokaci ne kurum. Kadan aka ga ɗalibi ya ɗaure fuska ya duƙufa a kan littafin tarihi ko na lissafi, sai a ce ga mai himma. Amma kadan aka gan shi a gindin itace yana karatu yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai, sai a ce wannan bai zo da niyyar cin jarrabawa ba. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. A ganina littafin ban dariya ya cancanci a karanta shi da natsuwa kamar kowane littafi, wanda zai yi sharhinsa kuwa, ko a wannan mujalla tamu ko a gaban yara cikin aji, tilas ne ya amsa tambaya guda ɗaya, watau a kan wa dariyar ta faɗa?

Bari mu soma da na gida. A shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka ci akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Marubucin a sa'an nan malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, shekarunsa 22, watau tsaranmu ne. Kowa ya karanta littafin nan ba zai manta da karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. Alhaji ya sauka a wani gari yana cin abinci da sunan malanta, alhali kuwa ba shi da karatun kirki. Da Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai Alhaji ya zana wani layi mai lanƙwasa a ƙasa ya ce ya faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kiran haruffan Larabci, gama abin da ya koya ke nan, Alhaji kuwa ya ce siffar jinjirin wata ce. Mutanen gari suka duba suka ga lalle ta yi kama da wata, suka kori mai ilmi suka riƙe maƙaryaci.

To, wa a ke yi wa dariya a nan? Yaro zai ce Zurƙe, domin shi ya sha kunya. Amma in ya sake tunani zai ga dariyar ta faɗa a kan jama'ar da ba ta iya rarrabe ilmi da wayo ba, da kuma malamin da ya san haruffa amma bai san mutanen da ya ke magana da su ba. Mu da za mu fita koyarwa a ƙauyuka, ashe ba mu ne aka yi wa hannunka mai sanda ba?

Irin wannan gugar zana ba a ƙasarmu kaɗai a ke yinta ba. A ƙasar Rasha an yi wani likita, Anton Chekhov, gwanin gajerun labarai. A 1884 ya rubuta wani ɗan labari wanda ma'anar sunansa ita ce Hawainiya. Kare ya ciji yatsan wani maƙerin zinariya a kasuwa. Babban ɗan sanda ya iso yana kumfar baki, ya ce sai an kashe karen an ci mai shi tara. Sai wani cikin taro ya ce ai karen Janar ne. Nan take ɗan sanda ya juya, ya ce yaya ɗan wannan kare zai kai yatsan ƙaton mutum, lalle maƙerin ne ya tsokane shi. Da aka ce ba na Janar ba ne, ya koma kan maganarsa ta fari. Haka ya yi ta canza launi, yana tuɓe kwat yana mai da ita, har kukun Janar ya zo ya ce karen na ɗan'uwan Janar ne. Sai ɗan sanda ya shiga yabon kare, ya yi wa mai rauni barazana. Labarin 'yan shafuka ne, marubucin kuwa bai ƙara wa'azi ko na layi ɗaya ba. Duk da haka ban san wani littafin koyar da halin kirki da ya nuna munin shari'ar ganin ido kamarsa ba.

Wani lokaci ma mai ban dariya ya kan riga kowa hango abin da ke tafe. Chinua Achebe ya rubuta A Man of the People a kan wani minista, Cif Nanga, mai fara'a da kyauta da cin hanci, wanda a da malamin makaranta ne. Labarin ya ƙare da soja sun karɓi mulki. Littafin ya fito a farkon 1966, ga shi kuwa a ran 15 ga Janairu na shekarar nan soja suka yi juyin mulki na fari a Nijeriya. Achebe ba boka ba ne, ya dai dubi halin mutanen zamaninsa ne da idon basira. Bai kuma ƙyale mai ba da labarin ba, wani saurayin malami, Odili, wanda ke zagin minista amma ya ji daɗin kwana a gidansa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Wani zai ce, to, mun ji na habaici, amma labarin soyayya mai ban dariya fa, wanda tun daga shafin fari ka san aure za a yi? Ni na ce a can ma akwai abin dubawa. Jane Austen ta Ingila ta fitar da Pride and Prejudice a 1813. Kowa na yi wa uwar gidan Bennet dariya saboda ba ta da zance sai na aurar da 'ya'yanta. Amma 'ya'ya mata biyar gare ta, ba namiji ko ɗaya, bisa ga ƙa'idar gadon gidan kuwa, ran da mijinta ya mutu gida da gonaki za su koma hannun wani danginsa, Mista Collins. Wanda ya lura da wannan zai ci gaba da dariya, amma zai gane cewa tsoron talauci ne ke sa matar rawar kai, dariyar kuma ta fi faɗawa a kan dokar da ta bar mata ba su da mafita sai aure.

Har wa yau ga wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1959. Lakunle malamin makarantar ƙauye ne, yana son Sidi, amma ya ƙi biyan kuɗin aure wai al'adar duhun kai ce, sai zuba mata manyan kalmomin Turanci ya ke yi. Daga ƙarshe tsohon sarkin garin, Baroka, shi ya aure ta. Na san wanzami ba ya son jarfa, amma ya kamata kowane ɗalibin kwalejin nan ya karanta wasan nan kafin ya karɓi takardar shaidarsa, domin ya ga kamannin malamin da ke raina mutanen da ya zo yi wa aiki.

Sai dai ba kowace dariya ce ke da kyau ba, a nan ne kuma aikin mai sharhi ya ke da nauyi. Akwai labaran da ba su da abin dariya sai gurgu, ko mai in'ina, ko baƙauye, ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Wannan dariya ce mai araha, gama tana faɗawa a kan wanda ba shi da ikon ramawa. Ku dubi wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Fulani da Tibi. Abin da ya sa ba ya kawo faɗa shi ne kowa na da bakin mai da martani. A ajin da za mu koyar kuwa akwai yara na kabilu dabam dabam, waɗansu Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Kadan malam ya karanta labarin da ke kwaikwayon maganar wata kabila, aji ya fashe da dariya, yaro ɗaya ya sunkuyar da kai, to, malam ya koyar da darasi a ranar, amma mugun darasi ne, kuma zai bi yaran har filin wasa.

Na san akwai masu cewa in ka tsaya bayyana abin dariya ka kashe shi. Gaskiyarsu, in dai bayanin ya riga dariyar. Malamin da ya tsai da labarin Alhaji da Zurƙe a tsakiya domin a nemo aikatau da sifa ya yi ɓarna. Abin da na ke so shi ne a karanta labarin da murya daga fari har ƙarshe, a bar yara su yi dariyarsu ta ishe su, sa'an nan a tambaye su wa suka yi wa dariya, me ya yi, kuma yana da ikon ramawa ko babu. Za ku yi mamakin amsar da za ta fito daga bakin ɗan aji biyar.

Hakanan masu rubuto sharhi zuwa ga Edita, ina roƙonku abu uku. Kada ku tsaya ga cewa littafi yana da ban dariya ƙwarai, wannan bai gaya mana kome ba. Kada ku kwashe labarin duka ku zuba, har wanda bai karanta ba ya rasa abin da zai tarar. Ku gaya mana inda dariyar ta dosa, ko sama wajen masu iko da masu fankama, ko ƙasa wajen marasa ƙarfi, ko kuwa ta juyo kanmu mu masu karatu. Masu kula da ɗakin karatu kuma, in za a sayo sababbin littattafai, a tuna da irin waɗannan, a kuma sa su inda hannu zai kai.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran da za a danƙa mana za su yi dariya ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne mu koya musu su yi wa ƙarya da girman kai da zalunci dariya, su bar mai rauni ya wuce lafiya. Allah ya ba mu ikon yin haka, amin.