Haƙa Tafki A Gona: Alheri Ne Idan An Bi Ƙa'ida

Sanin kowa ne cewa daminar yankinmu ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. A cikin waɗannan watanni ruwa kan yi yawa har ya yi ɓarna, kamar yadda ambaliyar shekarar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a jihohi da dama. Amma kafin watan Maris, rijiyoyi sun ja baya, dabbobi na yawon neman mashaya. Wannan ne ya sa manoma ke karkata ga haƙa tafki a gonakinsu, domin tare ruwan da ke wucewa a banza.

Lissafin a fili yake. Ruwan sama na milimita 1 da ya sauka a kan hekta ɗaya ya kai lita 10,000. Ko kaɗan daga ciki aka tare, zai taimaka wajen shayar da dabbobi, ban ruwan lambu da kiwon tarwaɗa.

Sai dai ya kamata mu bambance tafkin da aka tsara da kududdufin da ya samu saboda ɗibar ƙasar gini. Tafki yana buƙatar wuri mai laka ko yumɓu, domin jigawa ba ta riƙe ruwa. Kafin a kashe kuɗi, a haƙa ƙaramin rami a cika shi da ruwa, a ga yadda zai kwana. Haka kuma zurfi ya fi faɗi amfani, saboda rana da iskar hunturu kan shanye ruwan da ya kai zurfin kusan mita 2 a shekara. Wajibi ne kuma a bar mafitar da rarar ruwa zai bi, don kada ya ɓalle ya afka gonar maƙwabci.

Batun lafiya ya fi komai muhimmanci. Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba, cutar da ake ɗauka ta shan ruwan tafki, wadda sai a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga Najeriya. Tsargiya kuwa tana nan, kuma yara na kamuwa da ita wajen wanka a ruwa mai katantanwa. Ga sauro, ga kuma asarar rayukan yara da ke nutsewa a kududdufai da damina. Don haka a nisanta tafki daga gidaje da masai, a kewaye shi da shinge, a yi wa gaɓarsa gangare mai sauƙin fita, kuma kada a mayar da shi ruwan sha.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ba da izinin mallakar filayen karkara. Saboda haka ya dace mai niyya ya tuntuɓi sashen gona na ƙaramar hukumarsa, ya kuma sanar da mai unguwa ko dagaci, musamman idan wurin na kusa da burtali, domin kauce wa rikici da makiyaya.

A ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da malaman gona da su duba wuri tare da manomi tun kafin a sa diga a ƙasa. Lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin ruwan farko ya sauka.